Ƙaho Mai Kallon Ƙasa

Kulu ce ta zo da shi daga Gembu,
shekarar da ta gama bautar ƙasa:
ɗan reshe, bai fi taƙi ɗaya ba,
naɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa,
kwana biyu yana tafiya a kan cinyarta.
Ta ce, "Baba, can shinge ake yi da shi,
raɓa ke shayar da shi, babu mai kula.
Ƙahon mala'ika ake ce masa."
Na ce, "Nan Wamakko ne, ɗiyata.
Mu gani in mala'ika na jure zufa."

Na yanka tsohuwar jarka biyu,
na zuba rairayi, da takin tumaki da ya shekara,
da laka kaɗan daga bakin Rima.
Ruwan alwalata ya zama rabonsa,
sau biyar, babu fashi.

Arzika ya leƙo ta katanga,
ya murza ganye, ya shinshina, ya yi tsaki:
"Malam Jaɓɓi, da furfurarka kake kiwon zaƙami?"
Na ce dangi ne, ban musa ba.
Dafin gidansu ɗaya,
shi ya sa na ɗaure akuya nesa,
na ja wa jikoki kunne,
nake wanke hannu duk sanda na taɓa shi.
Sai dai zaƙami bakin bola yake tsayawa
yana wage wa sama baki.
Wannan kuwa, in ji Kulu, sunkuyar da kai yake yi.

Ta ce a ƙasashen ƙanƙara
in sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofa
sare shi suke, su kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
ya yi barci cikin duhu wata biyar
da ruwa cikin moɗa ɗaya.
Na yi dariya har da tari.
Su sanyi suke ɓoye wa,
mu rana.

Da bazara ta kama,
sanda ƙadangare ke ɗaga ƙafa don zafin ƙasa,
ganyen ya zube kamar an yi masa aski.
Na sa wuƙa na rage shi zuwa gwiwa,
na ja jarkar har gindin randa,
na rufa masa jiƙaƙƙen buhu.
Wata uku ina gaida sanda.
Arzika ya ce in ba shi, ya rasa makamashi.
Na kankare ɓawon da farce:
kore.
Na yi shiru, na mayar da buhun.

Ruwan farko ya sauka daren Laraba.
Kafin sati, wasu 'yan kunnuwa
suka ɓullo a jikin sandar nan.
Damina ta ba shi tsawo, ya yi reshe biyu,
amma fure, ko alama.

Sai da aka kai gero rumbu,
dare ya fara neman bargo,
na fito bayan magariba zan rufe kaji,
wani ƙamshi ya tare ni a tsakar gida,
ba turaren wuta ba, ba lemo ba.
Na haska tocila.
Guda bakwai, farare, kowanne ya kai zira'in yaro,
suna rataye, baki a ƙasa,
kamar masu busa da aka ce su dakata.

Ban ji amo ba.
Wani malam buɗe littafi na dare ne kawai
ya zo, ya shiga, ya fita.

Kulu tana Gembu yanzu, can ta samu aiki.
Na kira ta, layin yana yankewa.
Ta ce, "Nawa ne?" Na ce bakwai.
Ta ce na ƙofarta sun fi ɗari,
har ta daina ganinsu.

Arzika ya shigo da buta a hannu,
ya daɗe tsaye, bai ce komai ba.
Da zai fita ya juyo:
"In ka sare shi bana,
kada ka yar da rassan."