Ƙidayar Ɗigo

Kafin ladanin Idi-Araba ya gyara murya
na riga na durƙusa,
ba bisa darduma ba tukuna,
gaban tsohon baho mai cike da garin katako,
ina tono da tsinke kamar mai neman zobe a shara.
Dunƙule uku. Jiya biyu ne, ɗaya da jirwayen ja
kamar zoɓon da aka sirka da ruwa.
Uku, alhamdu lillahi. Yanzu sai alwala.

Kwalli ba nawa ba ne asali.
Na Iya Risikatu ne, mai suyar kifi a bakin layi.
Da za ta koma Abekuta wurin ɗanta
ta bar mini shi, da kujera mai ƙafa uku,
da bashin ɗinkin buba biyu.
Kujerar na gyara. Bashin na yafe.

Ranar da abin ya fara
ya shiga baho ya fito, ya shiga ya fito
sau goma sha wani abu,
ya tsuguna yana yunƙuri, jela na kyarma,
kukan da ya yi ba irin na muzuru ba ne.
Na sa shi a kwandon zare.
Danfo biyu, cunkoso a Ojuwelegba,
kwandasta na tambaya ko kaza ce.

Dakta Omolara ta latsa mararsa da yatsu biyu,
ta ce tsakuwa ce, ƙanana kamar gishiri,
sun toshe hanya.
Da ka bari sai gobe, in ji ta, sai ta yi shiru.
Wannan ba a warkar da shi, lallaɓa shi ake.
Ruwa, ruwa, ruwa. Ban da busasshen kifi,
ban da ƙanzon tukunya, ban da tashin hankali.
Na yi dariya: a Ikko?

Garin da ruwa ya ci rabinsa.
Ruwa ƙarƙashin gada, ruwa a kwata,
ruwa har tsakar shago duk watan Yuni,
ga ni ina roƙon muzuru ɗaya ya sha cokali uku.
Kwano a gindin keken ɗinki, kwano a bayan ƙofa,
kwano kan taga. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana shinshina
kamar mai karɓar haraji,
sannan ya je ya lashi bakin butata.
To, na bar masa butar. Na sayi wata.

Tanimu mai shayi ya ga gwangwanin abincinsa,
ya tambayi kuɗin, na faɗa, na rage ɗari biyar.
Ya ce mutane na kwana da yunwa.
Gaskiya ne. Ban tanka ba.
Ban gaya masa Baba ya yi wata bakwai
a Malumfashi da roba a jikinsa ba,
jaka rataye a ƙafar gado,
ƙanwata Lantana ke zubarwa, ita ke ƙirgawa,
ni ina nan ina aika kuɗi da "sai bayan salla",
har aka kira ni ina tsakiyar wuyan riga.

Ban ce wannan ya biya wancan ba.

Da dare, in janaretan maƙwabta ya tashi,
sai ya shige ƙarƙashin tarin yadi,
in bi shi da rabin ƙwaya cikin romon da babu gishiri,
ya tofar, in tsinta, mu sake.
Hannuna duk zane ne, kamar alli a kan shadda.

Wani mako lafiya lau, har ya kori ƙadangare.
Wani mako mu koma danfo.

Yanzu ƙarfe biyu saura, an ɗauke wuta.
Na ji shi yana tono.
Na riƙe numfashi, na kasa kunne
a garin da ƙaramin sauti ba ya samun wurin tsayawa,
sai ga shi, siriri, tsiririri,
bai yanke ba.