Takardar Likita

Kwana tara ke nan da aka ɗinke Yaya Sallau.
Ƙarfe guda a cinya, ƙusa shida.
Likitan Igbobi ya ɗaga hoton ƙashin a fitila
kamar kafinta mai nuna aikinsa,
ya ce tiyata ta yi kyau.
Ta yi kyau.
Amma da daddare Yaya na cizon bakin matashi
don kada yaran maƙwabta su ji babba yana kuka.

Mutumin da ke saɓa buhun albasa a kasuwar Mile 12
yana tafe yana zolayar direbobi,
yau ƙuda ya sauka a gwiwarsa
sai ya kira sunan Allah.

Ni aka ba takardar.
Rubutu kamar sawun kaza a taɓo,
hatimi shuɗi daga ƙasa.
Na naɗe ta a leda, don ruwan Legas ba ya sallama.

A tagar maganin asibiti aka ce ya ƙare.
Yaushe zai zo?
Matar ta ɗaga kafaɗa, ta kira na bayana.

Yaba, babu.
Mushin, akwai, amma mai riƙe da makullin akwatin
ya tafi biki, sai Litinin.
Na ce ciwon bai san Litinin ba.
Ta yi dariya, ba ta mugunta ba,
irin ta wanda ya sha jin maganar.

A Ojuelegba mutumin bai karanta takardar ba,
fuskata ya karanta.
Hulata, kaushin hannuna, Turancina mai ɗingishi.
Ya ce, irinku mun san ku.
Ya turo mini ita da bakin biro
kamar abin da kare ya lasa.
Ban taɓa shan ko sigari ba.
Na so in faɗa masa, harshen ya ƙi.

Naira dubu huɗu ta tafi a danfo.

Da magariba, a ƙarƙashin gada,
wani yaro jajayen idanu ya ja rigata,
ya buɗe tafin hannu: ga su nan, jere a katinsu,
ba takarda, ba hatimi, ba tambaya.
Na daɗe a tsaye.
Motoci na wucewa a kan kaina.
Wa ya san abin da aka cusa a ciki,
alli ne, ko ajali?
Na ce masa Allah ya kyauta.
Har yanzu ban sani ba
ko tsoron Allah ne ya hana ni, ko tsoron kaki.

A bakin famfon gidanmu na Agege
na iske Larai tana wanke kwano.
'Yarta Ma'u mai sikila ce.
Ta dubi ledar hannuna, ba ta tambaya ba,
ta ce, kai yau ka fara.
Ni shekara goma sha ɗaya nake wannan yawo.
In ciwon ya tashi, sai su ce yarinya ta iya ƙarya,
wai ta san sunan allura fiye da kima.
To wanda ya girma a hannun ciwo
ba zai san sunan mai ceto ba?

Na tura labule.
Fanka a tsaye, an ɗauke wuta.
Yaya ya ce, Ɗanliti, ka samo?

Na ɓare farasitamol biyu,
ruwan cokali a bakin gobara.
Ya haɗiye, ya ce madalla,
don kada in ji kunya.

Yanzu ina masa fifita da kwalin taliya.
Yana ƙirga numfashi, ina ƙirga kemis ɗin da suka rage.
An ce akwai wani a Ikeja, bayan gidan mai.
Takardar na ƙarƙashin filona,
ta fara yagewa a wurin ninki.