Hannun da Ya Rage

Bangon lakwal ɗin Kara-Kara taki arba'in ne.
Da ƙafata na auna shi ran da furoje ya iso
cikin farar mota mai tambari a ƙofa.
Suka ce: Tsahiru, ga fenti gwangwani sha biyu,
ga samari takwas da muka ɗebo daga fada,
koya musu buroshi ko sa manta da adda.
Jikka biyu kowane yaro a wuni, da shinkafar rana.

Shekarar farko tsabta aka biya.
Muka zana famfo yana zuba, shuɗi har ƙasa,
da hannuwa biyu cikin kumfar sabulu.
Inna Magaram ta tsayar da kurarta, jarka shida babu ɗigo,
kwana tara rabon unguwa da ruwa.
Ta ce, "Ɗana, matsa in tara a nan."
Yaran suka kwashe da dariya.
Ni na sunkuya ina wanke buroshi da kananzir.

Ta biyu zaɓe ya matso.
Aka aiko daga ofis a shafe famfon,
wai yana jawo magana.
Zaman lafiya ake so bana: tantabara da ganye a baki.
Amma kore na wata jam'iyya ne,
ruwan hoda na wata, ɗorawa ma da mai ita.
Toka-toka kaɗai ya rage babu uban gida.
Laminu ya ce tsuntsuwar ta fi kama da zabuwar da ruwa ya doka.
Aka zo da kyamara, aka jera mu bisa tsawo,
wanda bai san warin fenti ba ya yanke ƙyalle.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
duk watannin nan Zabairu bai kwana a kaso ba.
Hannun da ya saba da gora
ya koyi jan layi kamar zaren magini.
Wannan bai shiga rahoto ba.
Su kawuna suke ƙirgawa.

Ta uku muka roƙa a bar mu mu zaɓa.
Muka ɗauko mace mai fasa dutse a bayan unguwa,
tsayinta kamu shida, guduma a gindin ƙafarta.
Mun gama fuska, mun gama zane da kallabi,
mun gama hannun hagu,
sai wata safiya rediyo ya sake murya.
Iyaka ta rufe, wutar kudu ta ɗauke,
gwangwanin jikka huɗu ya koma sha ɗaya.
Farar mota ta kama hanyar Yamai.
Takarda ta biyo baya, layi uku:
an dakatar sai abin da hali ya yi.

Zabairu na sayar da fetur a kwalba, hanyar Magarya.
Laminu ya yi arewa neman zinariya,
saƙon murya ɗaya ya turo, iska ta cinye rabinsa.
Ni ina Kasuwar Dole ina rubuta wa masu shago
"Akwai ƙanƙara", ko da babu.

Damina biyu matar na tsaye da kafaɗa guntu.

Jiya Inna Magaram ta aje mini kwano a ƙofa,
jar ƙasa ce da makuba.
Ta ce, "Waɗanda suka yi wa sorayen Birni ado,
sa hannun wa suka jira?"
Da la'asar Zabairu ya zo yana warin fetur,
ya hau ganga, ya tsoma yatsu a kwano.
Hannun ya fito ja, ya fi na hagu girma,
kuma na san ruwan farko zai tafi da shi.
Ya waigo: "Malam, me za ta riƙe?"
Kafin in buɗe baki tsohuwa ta amsa,
"Kome kar ta riƙe.
Amma juya tafin ya dubi hanya,
kar mai wucewa a mota ya zaci roƙo take."