Ɗakin Sanyi, Dadin Kowa

Wata bakwai ke nan kujerar Darakta ba mai zama,
tun da Farfesa Hammayo ya miƙa makulli
ya koma Kumo kiwon zuma.
An buga talla a jarida, shafi guda cif:
ana neman mai digiri uku,
mai shekara goma sha biyar a bincike,
mai hangen nesa.
Ni kuwa tabarauna ya karye tun bara,
da zaren buhu na ɗaure shi.

Sunana Tinja, aikina gadin iri.
Shekara ashirin da shida ina tsaron ɗakin sanyi
inda hatsi kala dubu biyu ke barci a kwalabe:
maiwar Tula, waken Kaltungo mai jan ido,
da dawar da wata tsohuwa a Bambam
ta kwance daga bakin zaninta
ta ce, "Ta uwata ce, kada ku bar ta ta mutu."
Wannan bai shiga talla ba.

Ran Talata kwamiti ya sauka daga Abuja,
mota biyar, katan-katan na ruwan roba.
Har duwatsun bakin hanya sai da muka shafa wa farar ƙasa.
Mutum arba'in da ɗaya suka nema,
aka sheƙe, aka bushe,
uku suka rage a faifai.

Na farko Turancinsa santsi kamar miyar kuɓewa,
ya ce zai kai mu gaban duniya.
Na biyu bai wahalar da bakinsa ba,
wasiƙar da ke aljihunsa ce ke gyaran murya.
Ta uku Dakta Lamunde Gwani,
ƙarama, da jakar da hannunta ya tsinke.
Masinja ya ɗauka shayi ta kawo.

Biyu saura kwata wuta ta ɗauke.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru:
ashe mansa na mako guda
na'urar sanyaya zauren baƙi ta shanye tun safe.
Na tsaya ina kallon allurar ma'auni
tana hawa a hankali kamar ruwan dam a watan takwas.

Sai na ji sawu a matakala.
Takalminta a hannu, takardunta ta baro su a bene.
Ba ta ce sannu ba, ta ce,
"Awa nawa gare mu?"
Na ce, "Shida, in ba a buɗe ƙofa ba."
Ta ce, "To kar a buɗe, ko ni ce na roƙa."
Ta zaro kuɗin motarta na komawa,
jarka biyu muka ɗauro a bayan babur.

Da ta koma sama, an ce lokacinta ya wuce.
Magatakarda ya rubuta: ta fita ba izini.

Yau kwana goma sha tara.
Sakamako na Abuja cikin ambulan,
kowa a kantin ma'aikata ya zama boka.
Ni ba a tambaye ni ba, ba ni da maki a hannu.
Da asuba nakan leƙa ma'auni,
in rubuta lamba a littafi,
in kanga kunne a jikin ƙofa.
Dawar tsohuwa tana nan, tana numfashi.