Iska Ba Ruwa Ba Ce

Sallau, ajiye wannan farin bututun.
Na san nawa aka bar maka shi a Orile,
na ga canjin da ka dunƙule a hannu
kana jira in yaba maka.
Ajiye shi. Jawo benci. Dubi nan,
ƙasan kunnena, inda gemu ya ƙi tsirowa.

Shekara tara ke nan. Garejin Ilu a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke kaɗa gwangwanayen fenti.
Muka ja farar roba daga kwamfireso har bango,
muka liƙe da gam, muka ce mun yi dabara.
Wata goma sha ɗaya ba ta ce uffan ba.
Rana na dukanta ta hujin kwano,
mai na lasar cikinta a ɓoye,
tana ƙeƙashewa kamar tsohon ƙashi.
Ran wata Talata sifana ta suɓuce wa yaro,
ta ɗan taɓa ta. Taɓawa kawai.

Ni ban ji ƙarar ba. Na dai ga Ilu zaune a ƙasa
yana lalube, yana tambayar wa ya kashe wuta.
Likita ya kwana yana tsintar ɓaraguzai,
ya ce roba ba ta fitowa sosai a hoto.
Ido ɗaya ya dawo gida.

Ruwa in ya sami kafa tsiyaya yake yi,
ya jiƙa maka takalmi, ka yi tsaki, ka ɗaure.
Ita kuwa iska riƙo gare ta.
Duk matsin da ka yi mata tana ƙirgawa,
ranar da ta ga ƙofa
a take take karɓar bashinta, duka.

To me za mu sa?
Baƙin ƙarfe namiji ne, ba ya tarwatsewa,
amma nan Ikko ce, ɗana,
garin da iskar shaƙa ma jiƙaƙƙiya ce,
gishirin teku na bin ta har ƙarƙashin gada.
Damina biyu, cikinsa ya yi ja,
tsatsa ta biyo tiyo, ta fito ta bakin bindigar fenti,
ta yi wa danfon mutane ƙuraje.
Mai farin shafe ma, shafen ɓarewa yake.
Jan ƙarfe ba shi da wannan hali,
sai dai farashinsa na sa zufa,
kuma masu hauro katanga da dare
sun fi ni sanin nauyinsa a sikeli.

Gobe za mu Owode, wurin Alhaja Sidikatu.
Tana da alminiyom mai shuɗin baya,
wanda aka ƙera don iska, ba don banɗaki ba.
Karanta lambar jikinsa kafin ka tambayi kuɗi.
In ba ta zarce abin da allurar tankinmu ke nunawa ba,
zarcewa mai rata,
yi mata sallama da ladabi.
Za ta tsuga, ka taya.
Taya kuɗi, kada ka taya kauri.

In mun dawo, mu ɗan karkata layin
ruwa ya gangara can ƙarshe,
mu sa famfo, ka riƙa buɗe shi kafin magariba.
Kowane reshe ya fita ta sama
ya lanƙwaso kamar wuyan zalɓe.
Tsakanin inji da bango, guntun tiyo mai waya a ciki,
kada rawar inji ta kwance mahaɗa.

Farin bututun, kai wa Maman Bose,
tankin ruwanta na yoyo, a can yana da mutunci.

Ilu yana Alaba yanzu, yana sayar da cajar waya.
Na je gaishe shi da azumi.
Muna hira taya ta fashe a titi,
ya kai hannu da sauri
ya kare idon da babu.