Taswirar Jatau

A ƙasan adakar kakana Jatau, can Garki,
na tsinci takarda, gara ta ci gefenta.
Gabas ya sa a sama, inda goshi ke duba,
ƙauyenmu a tsakiya kamar cibiya.

Rijiya ta fi Kano girma a zanensa,
don jaki ba ya shan ganuwa.
Babu mil, sai zango:
kwana biyu Maigatari, in ƙafar dabba lafiya.
Wata kuka ya kewaye da jar tawada,
da ajami: a yi sallama, a wuce.

Bayan kogin Haɗeja, fari fat.
Nan saninsa ya tsaya, bai ƙaga ba.

Jiya na nemi ƙauyenmu a wayar ɗana.
Ko suna babu.
Shuɗin ɗigo kawai,
wai ni ne.