Maɓallin Fure

Riyal ɗari huɗu da sittin na ƙulle a bakin mayafi,
ladan hannaye goma sha ɗaya da ƙafafu shida.
Na sauka a Balad bayan la'asar,
lokacin da iskar tekun Jidda ke shigowa da gishiri
tana manna wa mutum riga a gadon baya.

Lalle ba ya jiran kowa.
Daren Laraba awa uku na duƙa a kan hannun wata amarya,
reshe na bin reshe har gwiwar hannu.
Kafin ta gama zagayen dangi ya koɗe,
sati biyu, sai ka ce ban taɓa duƙawa ba.
Masu zuwa kuma su ce, "Tasalla, nuna mana aikinki."
In nuna me? Ruwan wanke-wanke ya sha shi.

A shagon wani Bayamane mai furfura a gira
kyamarori na kwance cikin gilashi kamar sabulai,
baƙa, ruwan azurfa, wata ja kamar barkono.
Ya ɗago ta dubu da ɗari biyu:
"Wannan tana janyo jirgi daga tsakiyar teku."
Na ce ba ni da kowa a jirgin.
"Wannan tana gane fuska, tana jira a yi murmushi."
Dariya ta kama ni.
Amarena ba sa ba da fuska.
Hannu kawai, shi ma sai uwa ta yarda,
shi ma sai an zare zoben da za a shaida.

Ya yi ta ƙirga mini megafiksel, sha biyu, sha huɗu,
kamar awakin da ban ga garkensu ba.
Ni batir na tambaya: irin na tocila take ci,
ko sai na nemi soket a gidan biki
inda wayoyi ashirin ke layi a kan guda?

Sai yaron shagon, Babikir, da na ɗauka Balarabe ne,
ya sunkuya ya zaro wata daga can ƙasa,
ta bara, kwalinta ya yage a kusurwa,
ya ce da Hausar mutanen Sudan, mai nauyin harshe:
"Inna, danna furen nan. Na abin kusa ne."

Na danna. Na miƙa hannun hagu,
lallen kwana huɗu yana kai.
Ƙit.

Kowane ɗigo ya fito,
har inda hannuna ya yi rawa da aka buɗe ƙofa.
Amma ba shi na tsaya kallo ba.
Jijiyoyin nan da suka taso, fatar da ta tattare a gaɓa,
hannun Innata ne,
ranar da ta riƙe tagar mota a tashar Ringim
ba ta saki ba sai da direba ya ja.
Shekara goma sha tara ina kallon hannun mutane,
ban san yaushe nata ya biyo ni ba.

Bayamane ya ce ɗari biyar.
Na ce kwalin ma ya gaji da zama.
Ya ce da memori. Na ce da jaka.
Ya rantse ya faɗi, na rantse ban da ƙari,
iya kuɗinka iya shagalinka,
muka rabu a ɗari huɗu da arba'in
ana jan ƙofofin ƙarfe don magariba.

Babikir ya ce, "In goge na gwajin?"
Na ce bar shi.

Yanzu tana cikin jakata, tsakanin ƙullin lalle da lemon tsami,
ba ta kai tafin hannu ba.
Gobe akwai biki a Guwaiza, amarya da ƙannenta uku.
Lallensu zai tafi kamar yadda ya saba.
Ni dai a mota na sake kunna ta sau biyu,
har matar da ke gefena ta leƙo
ta ce, "Masha Allah, wa ya yi wa tsohuwar nan lalle?"